Gajeren Hannu a Rigar Anko

Ni tela ce, amma ba na yanka. Ɗinki kam alhamdulillahi, ki kawo mini leshi mai zamewa kamar tarwaɗa in zaunar miki da shi a jiki. Almakashi ne yake ba ni tsoro. Abin da kika ɗinka ba daidai ba kina iya farkewa, wanda kika yanka ba daidai ba kuwa sai dai a ba mai kaya haƙuri. Shi ya sa tun ranar da muka kama shago a wajen Abattoir a nan Jos, ni da abokiyar sana'ata muka raba aiki. Ita take yanka, ni nake hawa keke.

'Yar asalin ƙasar nan ce, Kirista, gidanta yana Tudun Wada. Ni kuma a Gangare aka yanke cibiyata. A shagon wata Bayerabiya muka haɗu muna 'yan koyo, muka sha zaginta tare, muka yi yaye tare. Hajiya take ce mini, ko da yake har yau ban ga Makka ba sai a hoto, ni kuma in ce mata Madam. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Hajiya, ka zo ka ga ikon Allah," haka take kirana in wata ta shigo da yadi ƙanƙani tana son riga da siket da ɗankwali. Garin nan ya sha rikicewa muna tare. Duk wadda ta fara jin ƙishin-ƙishin a unguwarsu ita ke kiran ɗayar ta ce yau kada ki fito. In ƙura ta lafa mu dawo mu buɗe ƙofa, ba ma tada zancen.

Awo ne matsalarmu tun fil azal. A guntun takarda muke rubutawa mu soka a jikin yadi da allura. Takardar ta faɗi, ko ta koma jikin yadin wata, ko a naɗe gyaɗa a ciki. 'Yata ta fari, wadda ta gama karatun kwamfuta a jami'a tana jiran bautar ƙasa, ta gaji da jin muna cacar baki a kan takarda. Ta ce za ta rubuta mana manhaja, a riƙa sa awon kowa a waya. Na ce a'a, mu da takardarmu. Madam ce ta goya mata baya, don ita ta goya yarinyar a shagon nan tun tana tsumman goyo. "Ka bar yaro ya yi aikinsa mana, don me kuka biya makaranta?" Na bari. Kuma gaskiya abin ya yi daɗi, mace ta zo a auna ta, a danna, in ta dawo bayan wata nawa ma awonta yana nan. Har na fara yi wa telolin layinmu fankama.

Sai aikin anko ya shigo. Wani babban ɗan kasuwa a unguwarmu zai aurar da 'yarsa, ƙawayenta su goma sha wani abu, leshi ruwan ƙasa da aka kawo daga Legas an ƙidaya wa kowacce nata, babu ragowa. Amaryar a jami'a ta yi karatu, don haka ƙawayenta kala-kala ne. Akwai 'yan Gangare, akwai Yarbawa, akwai 'yan coci daga can saman gari. Wanda bai san bikin Jos ba zai ɗauka anko yana nufin komai iri ɗaya. Ba haka ba ne a wurinmu. Yadin ne ɗaya. Wannan za ta ce hannu har wuyan hannu, wuyan riga a rufe ruf don mijinta ko babanta. Waccan za ta ce hannu iya kafaɗa, a buɗe mata baya ta sha iska. Kowacce ta san gidan da za ta fito da rigar.

'Yata ta ƙara wa manhajar wani sashe na musamman don anko, ita ta riƙa auna su ɗaya bayan ɗaya duk wadda ta samu zuwa. Ana cikin haka aka bugo mini cewa yayata ta Bauci jiki ya yi tsanani. Na bar komai na tafi, 'yata ta biyo ni don ta taya ni jinya, muka bar wa Madam wayar shago da tulin leshi a kan teburin yanka.

Ranar da muka dawo ruwa ake yi, irin yayyafin nan na Jos mai shiga ƙashi. Na shiga shago na tarar an yanka komai an jera, kowacce riga an ɗaure ta da ƙyallenta. Madam aiki gare ta mai tsabta, ba a magana. Na ɗaga ta farko, hannu gajere, wuya a faɗaɗe, baya a buɗe. Na ce to, ta 'yar coci ce. Na ɗaga ta biyu, haka. Ta uku, haka. Da na ɗaga ta matar wani malami da na san ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da hijabi, na ga ita ma haka take, sai na juya wajen Madam.

"Madam, mene ne wannan?"

"Ankon mana."

"Duk gajeren hannu? Innalillahi! Kin kashe mu!"

Ta ajiye almakashi ta ɗauko waya ta miƙo mini. Na duba sunan farko, ƙirji nata, ƙugu nata, tsayi nata, amma hannu gajere, wuya buɗaɗɗe. Na duba na gaba, awon ya canza, hannu da wuya suna nan yadda suke. Har ƙarshe haka. Madam ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai. Ta kira ni ba ta samu ba, asibitin babu sabis. Sai ta kira amarya ta ce, ƙawayenki duk gajeren hannu suka ce? Amarya tana wajen masu lalle ko masu gyaran jiki, ta ce don Allah abin da aka rubuta shi za ki bi, kada ki ƙara kirana a kan wannan. Madam ta ɗauka amarya ce ta yanke cewa duk su fito salo ɗaya saboda hoto, yaran zamani suna yin haka. Sai ta sa almakashi.

'Yata tana bakin ƙofa da jakarmu a hannu. Ta karɓi wayar, ta duba, fuskarta ta canza. "Wallahi Umma ba haka suka faɗa mini ba. Ni na rubuta da hannuna. Matar malam dogon hannu ta ce, na nuna mata ma ta gani." Ta zauna a ƙasa a kan ƙyallaye ta buɗe kwamfutarta. Ni ina ta zagaye shago ina salati ina tsine wa ranar da na rabu da takarda. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Can sai na ji ta ce, "Wayyo Allah," a hankali, ta dafe kai.

Na ce ta faɗa mini da Hausa, ba na son Turanci. Ta faɗa mini, kuma na gane, don ba wani abu ne mai wuya ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Ta ce a irin rubutun da suke yi, ana fara tsara samfur guda, a ce wannan shi ne 'yar anko, ga abubuwan da za a sani game da ita. Daga wannan samfur ɗin ake fitar da kowace mace. To abubuwan iri biyu ne. Akwai wanda ake rubutawa a jikin samfur ɗin kansa, sau ɗaya tak, duk matan su yi tarayya a kansa, kamar irin yadi da ranar biki. Shi suke kira class variable. Wuri ɗaya gare shi, in aka canza shi an canza wa kowa. Akwai kuma wanda kowace mace take da nata wurin daban, kamar ƙirji da ƙugu, in kin taɓa na wannan bai shafi na waccan ba. Shi kuma instance variable.

"To hannu da wuya fa?" na ce.

"A sama na sa su, Umma. Tare da yadi da ranar biki."

"Don me?"

"Na ga anko ne. Ina rubutawa sai raina ya ba ni salo na anko ne ba na mutum ba."

Wato duk wadda ta zo aka sa nata, sai ya goge na wadda ta gabace ta. A lokacin kuwa in an nuna mata za ta ga nata ne, ta tafi da murna. Ta ƙarshe da ta zo awo wata ƙawar amarya ce 'yar gayu mai son baya a buɗe, sai zaɓinta ya hau kan kowa. Yarinyar da ta girma a ƙarƙashin teburin yanka, tana jin mata suna ja-in-ja a kan wuyan riga tun ba ta iya magana ba! Na ɗaga hannu zan kwaɗa mata mari, Madam ta riƙe ni. "Ka bar shi. Ba ka ga yana kuka ba?"

Muka bazama neman leshin. Babu shi a Jos, babu a Kano, mai kawowa daga Legas ya ce ya ƙare. Muka sayo yadin shifon mai kama da launin, muka yi ta dabara, a ƙara hannu a nan, a toshe baya a can. Duk iya ƙoƙarinmu, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ɗinkin ya fito da faci, kuma biki ya matso, dole muka kira su gwaji.

Ban taɓa ganin rana irin wannan a shago ba. 'Yan coci da Yarbawan suka saka nasu suna juyi a gaban madubi. 'Yan unguwarmu suka tsaya riƙe da nasu kamar an miƙa musu mushe. Gwaggon amarya, wadda ita ke riƙe da ragamar bikin, ta ɗaga rigar matar malam sama ta leƙa ta cikin buɗaɗɗen bayan da muka toshe. Ba ni ta kalla ba. Ta juya ta kalli Madam.

"Wa ya yanka?"

Madam ta ce, "Ni ne, Mama."

"Na sani ai. Tambaya ce kawai."

Na shiga tsakani na ce kuskuren waya ne, na fara bayani. Ta ɗaga mini hannu. Ta ce an mai da musu 'ya'ya tsirara da gangan, ta kira Madam da wani suna da ba zan maimaita ba. Nan na manta da cewa kwastoma ce, na ce Hajiya ki iya bakinki, a shagona kike. Ta kwashi kayan ta fita, 'yan matan suka bi ta. Madam ta ɗauki tsintsiya tana share ƙyallaye.

Magana zarar bunu ce. Kafin a ɗaura auren, saƙon murya ya zaga wayoyin matan Gangare, har ni aka turo wa ba a san ni ce a ciki ba. Wai akwai wata tela a Abattoir da take yanka wa 'ya'yan Musulmi kayan tsiraici da niyya, a yi hattara. Wadda ta yi saƙon ko shagonmu ba ta taɓa takawa ba. A wani gari da an yi tsaki an wuce. A nan kuwa mun ga abin da bai kai wannan ba ya tada hayaƙi, don haka barci ya ƙaurace mini. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, ba don kaina ba.

Bayan biki na ce wa 'yata ta ɗauki kwamfutarta, gidan amarya za mu. Ta ce kunya take ji. Na ce kunyar ta ci gidansu, ke kika ɓata, wata ake zagi. Muka tarar da gwaggon da wasu mata a tsakar gida ana rabon tarkacen biki. Na gaishe su kamar ban taɓa yi mata tsawa ba, na durƙusa har ƙasa. 'Yata ta buɗe tsohuwar manhajar a gabansu, ta sa sunan wata da dogon hannu, ta sa na wata da gajere, ta koma kan ta farko, ga shi ya koma gajere. Ta yi sau biyu. Ni kuma na ƙara da nawa. Na ce ku duba, a makarantar allo kowane yaro da allonsa, in malam ya wanke na wannan, na wancan yana nan. A makarantar boko kuwa allo ɗaya ne a bango, wanda ya zo sai ya goge na baya ya rubuta nasa. Yarinyar nan a allon bango ta rubuta hannun riga, maimakon ta ba kowacce allonta. Ba hannun kowa a ciki sai nata.

Sun saurara, ban ce ba su saurara ba. Wata ma ta gyaɗa kai. Sai gwaggon ta yi murmushi ta ce, "Baiwar Allah, na'ura ba ta da zuciya. Mai riƙe da almakashi ce take da zuciya. Ba ta da ido ne? Ba ta san matar malam ba?"

Na ce ai Madam ta kira amarya ta tambaye ta kafin ta yanka. Aka leƙa ɗaki aka tambayi amarya a waya, ta ce ita ba ta tuna ba, mutane da yawa sun kira ta a lokacin.

"Kin ji ko," in ji gwaggon. "Ni abin da ya ba ni tausayi, yadda kika ɗauko 'yar cikinki kika ɗora mata laifi don ki rufa wa bare asiri. Zama da maɗaukin kanwa ke nan."

Na tashi ban yi sallama ba. A hanya 'yata tana kuka tana cewa ai ta nuna musu, ai sun gani da idonsu. Ni ma abin da yake cin raina ke nan. Da a ce bayanin ne ya yi musu wuya da na sami sauƙi. Sun gane sarai. Wancan labarin ne ya fi yi musu daɗin riƙewa.

Daga nan abin ya riƙa cin mu a hankali. Matan da muka yi wa kayan aure, muka yi wa 'ya'yansu, sai su shigo su ja ni gefe su ce a kunne, ke za ki yanka mini da kanki, kada ta taɓa. Shagon taku nawa ne? Madam tana ji. Nakan ce da ƙarfi, ni ba na yanka, in ba ki yarda da ita ba ga ƙofa nan. Wasu su fita, wasu su bari suna yatsina. A can gefen su Madam ma labari ya kai cewa an zage ta a Abattoir an yi mata barazana, an ƙara gishiri. Mijinta ya ce ya isa haka. Wata rana wasu samari biyu suka tsaya a tsallaken titi suna nuna shagonmu da baki. Wataƙila wani abin suke nunawa, Allah ne masani, amma duk mu biyu mun gan su kuma kowacce ta ga ɗayar ta gani.

Madam ce ta fara furtawa. Muna cin dafaffen dankali da yaji a kan teburin yanka ta ce, "Hajiya, zan koma gida da aiki. Akwai wuri a gaban gidanmu."

Na ce ba ki isa ba. Na yi faɗa, na ce in kika tafi kin ba su gaskiya ke nan. Na ce wa zai yanka mini? Ta bar ni na gama.

"In wani abu ya faru a layin nan, za a ce daga shagonmu ne. Kai kana da yara, ni ina da yara."

Na tura mata kwanon na ce ta cinye, ni na ƙoshi.

Ranar da za ta kwashe kaya, mai napep yana waje ana ɗaure kekenta da igiya, 'yata ta shigo da waya a hannu. Tun abin nan ba ta iya haɗa ido da Madam. Ta tsaya tana murza gefen mayafi.

"Anti, na gyara. Na sauko da hannu da wuya, yanzu kowa da nasa wurin. Amma irin wannan kuskuren ba ya nuna kansa da mutum ɗaya, da Umma kaɗai na gwada wancan karon shi ya sa ban gani ba. Sai an sa mutum biyu. Ko za ki bari in auna ki?"

Na buɗe baki zan ce wannan wane irin rashin ta ido ne, mace tana kwashe kaya. Madam ta riga ni. Ta ajiye jakarta ta zo tsakiyar shago ta ware hannuwa. "Zo ka auna, yarona. Hajiya, tashi kai ma."

Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, yarinya tana zagaya mu da tef. Ta tambaye ni hannu, na ce dogo. Ta tambayi Madam, ta ce gajere, a buɗe wuya kaɗan. Ta danna, ta koma kan nawa, dogo yana nan. Ta koma kan nata, gajere yana nan. Ta nuna mana.

Madam ta duba wayar. "Ya yi kyau," ta ce. "Ka iya aiki. Kada ka bari don wannan." Ta dafa kan yarinyar, ta ɗauki jakarta, ta ce mini sai mun yi waya. Na raka ta bakin titi, na riƙe mata almakashinta har ta zauna, sannan na miƙa mata.

Da na dawo ciki 'yata tana zaune a kujerar yanka, ido ya yi ja. Ta ce, "Umma, na gwaji ne kawai. In goge na Anti?"

Na ce, "Taɓa ki gani."

Muna gaisawa da Madam a waya, da Sallah ta kira, da Kirsimeti in kira. Na koyi yanka dole, na ɓata yadin mutane ba sau ɗaya ba. Awonta yana nan a wayar ƙarƙashin nawa, gajeren hannu, wuya a buɗe kaɗan, kuma har yau ba ta zo na ɗinka mata komai da shi ba.